Babban kafireto a ƙaramin inji: me ya sa babur ya rage ja, ya ƙara shan mai?

Wani matashi a nan cikin birnin Katsina ya aiko da tambaya. Babur ɗinsa mai inji 125 ne, irin zubin CG, yana zirga-zirga da shi tsakanin Ƙofar Ƙaura da Batagarawa, ƙarshen mako kuma yakan leƙa gida Mashi. Abokai suka zuga shi ya cire kafireton da babur ɗin ya zo da shi, mai lamba 26, ya ɗaura mai lamba 30, wai zai riƙa tashi kamar walƙiya. Ya ɗaura. Yanzu in ya murɗa totur da sauri sai injin ya shaƙe kamar zai mutu, da safe sai ya yi ta buga kik, fulogi yana baƙi cikin kwana biyu, man da ya saba sha kuma ba ya kai shi inda yake kai shi a da. Yana son ya san ko jet, wato ɗan ƙarfe mai hujin da ke auna mai a cikin kafireto, kawai za a canza, ko kuwa da gaske girman kafireto yana da hannu a ƙarfin inji.

Ƙanena, ina fata dai ba ka sayar da tsohon ba, domin shi za ka mayar. Amma ba na son ka mayar don ni na ce. Bari in nuna maka abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan, don gobe in wani ya sake zuwa maka da irin wannan shawara ka san abin da za ka ce masa.

Abu na farko da ke ruɗa mutane shi ne zaton kafireto ne ke tura wa inji abinci, saboda haka babba zai fi turawa. Kafireto ba ya tura komai. Ba shi da famfon tura iska, ba shi da fanka. Injin ne ke zuƙa: fistin ya sauka, bawul ya buɗe, iska ta biyo. Iyakar abin da zai zuƙa kuwa a ƙayyade yake tun daga masana'anta. Silindarka tana ɗaukar kashi ɗaya cikin takwas na lita, wannan ce ma'anar 125 ɗin. Inji mai bugu huɗu sau ɗaya yake shaƙar iska a kowane juyi biyu. Idan ka ƙure shi ya kai juyi 8,000 a minti, ya shaƙa sau 4,000 ke nan, wato lita 500 a lissafin takarda. A zahiri silinda ba ta cika fal, saboda iskar sai ta ratsa matata da lanƙwasar manifol da gefen bawul, don haka ka ce wajen lita 400. Ko ka ɗaura masa bakin rijiya a madadin kafireto, cikinsa ke nan. Shi kuwa mai lamba 30 an yi shi ne don injin 200 zuwa 250, wanda ke zuƙar kusan ninkin wannan.

To mene ne aikin kafireto? Awo da gaurayawa. Fetur yana ƙonewa tas ne idan kilo ɗaya ya samu iska kilo 14.7. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ba, wajen giram 740 ce, saboda haka tana buƙatar iska kusan lita 9,000. Ka ƙaddara duro 45 cike da iska don kwalba guda ta mai. In ana son ƙarfi sosai akan ɗan ƙara man, ya zama kashi 12.5 zuwa 13 na iska, in kuma tsimi ake so a tafiya ta yau da kullum akan kai 15 ko 16. Duk rayuwar inji a cikin wannan ɗan tsakanin take, kuma ba awo kaɗai ba, sai man ya farfashe ya zama feshi mai laushi kamar hazo kafin wuta ta cinye shi a cikin ƙiftawar ido.

Yadda yake yin wannan ba tare da famfo ba shi ne wurin da ya kamata ka tsaya ka fahimta. Leƙa cikin kafireto ta bakin da ke kallon matatar iska, za ka ga hanyar ta tsuke a tsakiya sannan ta sake buɗewa. Wannan tsukakken wuri shi ne maƙogwaro, masu littafi suna ce masa benturi, da sunan wani Ba'italiye, Giovanni Battista Venturi, da ya yi rubutu a kan lamarin a 1797. Ka san yadda iskar hunturu take a filin Ƙofar Soro, tana kaɗawa a hankali, amma da ka shiga lungu a cikin gari sai ta nemi cire maka hula? Iska ɗaya ce, hanya ce ta tsuke ta ƙara mata gudu. Iska kuwa in ta ƙara gudu sai matsinta ya ragu. Bakin bututun mai yana nan daidai maƙogwaro, ƙasansa a cikin ƙoƙon da mai yake kwance. A cikin ƙoƙo matsin iskar waje ne, a maƙogwaro matsi ya faɗi, sai man ya hau da kansa, iskar da ke gudu ta tarwatsa shi. Waɗanda suka riski abin feshin maganin sauro na da, mai ɗan gwangwani a gaba da sanda da ake turawa, sun riƙe kafireto a hannunsu ba su sani ba. In ka tura sandar da ƙarfi feshi ya fito lumui, in ka tura a hankali sai ya riƙa ɗiga a ƙasa.

Ga kuma inda gizo ke saƙar: ƙarfin jan man ba daidai da gudun iska yake tafiya ba, ninkin ba ninki yake yi. Iska ta ninka gudu, ja ya ninka sau huɗu. Gudu ya ragu zuwa rabi, ja ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Yanzu auna da abin da ka yi. Daga 26 zuwa 30 milimita 4 ne kawai, a ido ba komai ba ne. Amma faɗin ƙofa ba da tsawon layi ake auna shi ba, da fili ake aunawa. Da'ira mai milimita 26 filinta wajen 531 ne, mai 30 kuwa 707, ƙarin kashi ɗaya cikin uku ke nan. Iskar da injinka ke zuƙa ba ta ƙaru ba, hanya ce ta faɗaɗa, don haka gudunta ya koma kashi uku cikin huɗu, jan mai kuma ya faɗo zuwa kashi 56 cikin ɗari na yadda yake. Kusan rabi ya tafi. Lambar da ake bugawa a jikin kafiretocin nan ba kullum take daidai da ainihin maƙogwaron ba, sau da yawa faɗin bakin fita ce, maƙogwaron ya fi ta tsukewa kuma ba zagayayye ba ne sosai, amma bambancin da ke tsakanin biyun yana nan yadda na lissafa maka ko kusa da haka. Masu roba-roba da ke cire lamba 19 su sa 26 nasu ya fi muni, domin fili ya kusa ninkawa, ja kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Wani zai ce ai kafireton babur ba irin na mota ba ne, yana da ɗan gwangwanin nan da wayar totur ke ɗagawa, wanda wasu ke ce wa fistin kafireto, kuma shi ke rage ƙofa ya ƙara ta. Gaskiya ne, shi ya sa ma babur ɗinka yake tafiya in ka lallaɓa shi. Matsalar tana zuwa ne sa'ad da kake tafe a hankali, ka ce juyi 3,000, ka zo shataletale kana son wuce Keke Napep, ka murɗa gaba ɗaya. Gwangwanin ya tashi sama, ƙofa ta wangale, injin kuwa bai kai ga zuƙar iskar da za ta cika ta da gudu ba. Iska ba ta da nauyi sosai, nan take ta shige. Mai yana da nauyi, sai an ja shi, ga shi babu mai jan. Silinda ta samu iska kusan zalla, wuta ta rasa abin ci. Shaƙewar da kake ji ke nan. Ba mai ne ya yi yawa a wannan lokacin ba, ƙishirwa ce.

Na san za ka ce to in ƙishirwa ce me ya kawo baƙin fulogi da shan mai? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan kanikawa da yawa ke ɓata. Dalilan sun haɗu ne. Kafireton ya zo da jet ɗin da aka auna wa injin da ya ninka naka, har da jet ɗin silo. Tun da ƙofarsa babba ce, ɗagawa kaɗan ta ishi injinka, saboda haka yawancin tafiyarka ta cikin gari a kan wannan jet ɗin silo da ya yi wa injinka girma kake yin ta, wurin da a tsohon kafireto allurar da ke maƙale a jikin gwangwanin ce za ta riƙa auna maka mai daidai. Wasu masu lamba 30 ma suna da ɗan famfo a gefe da ke tsarta mai duk murɗawa, tsartawar da aka yi wa cikin injin 250. Sannan man da ya samu fita ba feshi ba ne, ɗigo-ɗigo ne, yana bin bangon manifol yana gangarawa kamar yadda wancan abin feshi ke ɗiga. Ɗigo ba ya ƙonewa duka. Wani ya manne a fulogi ya zama baƙi, wani ya fita ta salansa, wani ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Kai kuma don gudun shaƙewa ka koyi riƙe kuloci kana wasa da totur a kowace tsayawa. Duk kuɗi ne ke tafiya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai babur ɗin da ke buƙatar a tuna masa darajar rabin lita. Da safe kuwa, ƙafarka ce ke juya inji, gudun iska ya yi ƙasa ƙwarai, ƙarfe ya yi sanyi mai ba ya tashi, ga fulogi ya riga ya jiƙe tun jiya. Garin neman gira an taɓa ido.

Kada wannan ya sa ka ɗauka ƙarami shi ne alheri kullum. Kafireton da ya yi wa inji ƙanƙanta yana da daɗi a ƙasa: tashi ɗaya, ja tun daga giya ta farko, ba ya wasa da mai. Amma da inji ya hau juyi sai maƙogwaro ya zama tarnaƙi, silinda ta kasa cika, gudu ya tsaya cak ko ka murɗa har wuyan hannu ya yi ciwo. A tseren motoci na NASCAR a Amurka, daga 1988, da aka ga gudu ya yi yawa a filayen Daytona da Talladega, ba a taɓa cikin inji ba. Farantin ƙarfe mai ƙananan huji huɗu aka sa a ƙarƙashin kafireto, ƙarfin ya sauka nan take. Wato ƙofa tana iya hana inji abin da yake iyawa, amma ba ta iya ba shi abin da ba ya iyawa. Ka duba injin ban ruwa da manoman rani ke amfani da shi a Ajiwa da Jibiya, irin zubin Honda GX160. Cikinsa 163 ne, ya fi babur ɗinka, amma kafiretonsa ɗan mitsitsi ne, bai kai naka na asali ba. Dalili shi ne ba ya wuce juyi 3,600. Janareta ma haka, juyi 3,000 yake tsayawa don ya ba da wutar da kayanmu ke so. Ashe ba girman silinda kaɗai ke yanke hukunci ba, har da juyin da inji zai yi rayuwarsa a kai.

Duk tarihin ƙirar kafireto, tun daga mai feshi da Wilhelm Maybach ya yi a Jamus a 1893, kokawa ce da wannan matsala guda: ana son ƙaramar ƙofa a ƙasa, babba a sama, a jikin ƙarfe ɗaya.

Ni a kan Peugeot 504 na koyi aiki, Fijon da aka riƙa haɗawa a Kaduna, lokacin da ita ce sarauniyar tashar Jibiya da ta Kano. Mai inji 2.0 takan zo da Solex mai maƙogwaro biyu, ɗaya 32 ɗaya 35. Ba tare suke buɗewa ba. A cikin gari ƙaramin ne kaɗai ke aiki, iska na gudu, mai na fesuwa da kyau. Sai direba ya hau babban titi ya taka sosai sannan na biyun ya buɗe. Weber 32/36 da ake sa wa motoci da yawa ma haka take, na biyun yana jira sai totur ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Na taɓa karɓar wata doguwar Fijo da wani ya ɗaure hannayen biyu da waya don su riƙa buɗewa tare, wai a samu wuta. Direban ya ce in ya cika fasinja zai tashi daga tasha sai motar ta yi tari ta durƙusa, sai ya ƙone kuloci kafin ta miƙe. Filaya na sa na yanke wayar, aikin ke nan. Har ya ji kunyar tambayar kuɗin gyara. Abin da ya same shi shi ne abin da ya same ka, ƙofa ta buɗe kafin inji ya shirya.

Amurkawa masu manyan injuna masu silinda takwas suka kai abin ga maƙogwaro huɗu. Rochester Quadrajet, da ta fito a 1965, biyun gaba ƙanana ne ƙwarai, biyun baya manya, kuma akwai wani murfi a kansu da ba ya buɗewa sai iskar da inji ke zuƙa ta ture shi. Su da wani ma'auni suke sayar da kafireto, CFM, kowane ɗaya lita 28 ne da ɗoriya a minti. Lissafin da na yi maka ɗazu shi suke yi. Inji mai lita 5.7 a juyi 5,500, in silinda na cika kashi 85 cikin ɗari, yana buƙatar wajen 470. Mai 600 ya ishe shi har da saura. Amma su ma can akwai masu sayen 850 don lamba ta fi girma, su dawo suna kukan da kake yi. Cutar ba ta Katsina kaɗai ba ce.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta SU ta Ingila, wadda Keihin da Mikuni suka ɗauka suka sa a babura da yawa. Hannunka ba ya ɗaga gwangwanin kai tsaye. Faifai kawai kake buɗewa a can baya, gwangwanin kuma zuƙar injin ce ke ɗaga shi, a na babura ta wata roba a saman kafireto. Ko ka murɗa da fushi, ba zai tashi ba sai gwargwadon iskar da inji ke ja, don haka gudun iska a bakin allura kusan ɗaya yake kullum. Irin wannan yana yafe kuskuren girma fiye da naka. Rauninsa robar ce: ta tsage ko da tsinin allura ne, babur ya ƙi wuce rabin gudu, a yi ta canza fulogi a banza.

Sai batun jet da ka tambaya. Kafireto ba hanya ɗaya ce da shi ba, kuma kowace tana da yankinta, wanda ake ganewa da inda hannunka yake a totur, ba da gudun da babur ke yi ba. Daga silo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu jet ɗin silo ne da sukurunsa. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allura ce ke mulki, tana fita daga raminta tana ƙara buɗe wa mai hanya saboda tsininta. Babban jet ba ya magana sosai sai daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. Saboda haka wanda babur ɗinsa ke tuntuɓe a tashi ya je ya canza babban jet, ya yi susa ne inda ba ya ƙaiƙayi. A kan allura akwai tsaga-tsaga da ɗan maƙalli. Ka sauko da maƙallin ƙasa allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. Ka kai shi sama mai ya ragu. Sukurun silo kuma iri biyu ne, kuma ana yawan juya su: in yana ɓangaren matatar iska, iska yake aunawa, kwance shi rage mai ne. In yana ɓangaren inji, kamar yadda yake a ƙasan irin naka, mai yake aunawa, kwance shi ƙara mai ne. Akan fara daga juyi ɗaya da rabi zuwa biyu bayan an ɗaure shi a hankali, ba da ƙarfi ba, don tsininsa na karyewa.

Lambar jet ɗin Keihin da makamantansa kusan faɗin hujin ce, 100 na nufin milimita ɗaya. Na Mikuni mai kai shida-shida kuwa yawan man da ke wucewa lambarsa ke nunawa, don haka 100 ɗin wannan ba 100 ɗin wancan ba ne. Daga 95 zuwa 100 ƙarin mai kusan kashi 11 cikin ɗari ne. Ka ga ke nan ɓarnar da yaron gareji ke yi in ya zare wayar birki yana sakace jet da ita: huji ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wanda ido ba ya gani, mai ya ƙaru da kashi 21. Jet da iska ake busa shi, ko gashin buroshi mai laushi. Akwai kuma masu yin akasin haka, su cusa silin waya a cikin jet don tsimin mai. Tsimin yana samuwa na 'yan makonni, sannan inji ya riƙa zafi, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, wani lokaci kan fistin ya huje. A babur mai bugu biyu da ake zuba wa baƙin mai a tanki abin ya fi haɗari, domin rage fetur rage man shafawa ne.

Za a iya lallaɓa mai lamba 30 ɗin nan da ƙaramin jet ɗin silo da gyaran allura har shaƙewar ta ragu. Na sha yi wa masu taurin kai. Amma jet awo yake gyarawa, ba ya ƙara wa iska gudu, kuma feshi daga gudu yake zuwa. Ƙarshenta za ka samu babur da bai kai yadda yake da ba a cikin gari, a sama kuma ba abin da ya ƙaru, domin bawul ɗin shiga da ramin kan silinda suna nan yadda suke, su ne ƙofar da ta fi tsukewa. Babban kafireto yana amfani ne bayan an faɗaɗa silinda, an gyara ramin kai, an canza kam, wato sandar da ke buɗe bawul, da salansa, har injin ya zama yana neman iskar da tsohon ya kasa ba shi. Ko a nan ma mataki ɗaya ake hawa. Shi ne na ƙarshe a layi, ba na farko ba.

Kada mu manta da garin da muke. Katsina tana sama da teku da wajen mita 500, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi 5 cikin ɗari ko da zafi ɗaya ne. Tsakanin asubahin Janairu, sa'ad da sanyi ke sauka wajen digiri 15, da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, akwai wani bambancin kusan kashi 8. Kafireto bai san wannan ba, ba shi da kwamfutar da ke auna iska kamar motocin injekta. Kusan rabin wannan bambanci yana komawa cikin gaurayen, shi ya sa babur ɗin da aka saita da sanyi yake nauyi yana warin mai da bazara, wanda aka tsuke da bazara kuma yake tari da hunturu. Wanda ya tafi da babur Jos, mita 1,200, zai ji abin a hannunsa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki, toshewar nan daidai take da jan cok rabi, mai ya yi ta kwarara. Maganin wankewa ne, ba cirewa ba. Masu cire matata su bar bakin kafireto a buɗe don ƙara suna ciyar da ringi yashi ne.

Wani abin da nake zargi a naka shi ne wurin haɗi. Bakin mai lamba 30 bai dace da manifol ɗin 125 ba, akan yi dabara ne da roba ko a faɗaɗa hujin noti. In iska na satar shiga ta nan, silo zai riƙa hawa ya ƙi sauka bayan ka saki totur, salansa kuma ta riƙa harbi in kana gangara. Ko da ka mayar da tsohon, ka sa sabon gasket, ka duba robar manifol ko ta tsage.

Ga yadda za ka yi. Ka wanke tsohon kafireton, ka zubar da abin da ke ƙoƙon, musamman in kana sayen mai a kwalba wurin 'yan bumburutu, don ruwa da tsaki a ƙasa suke kwanciya. Ka duba fulot, ɗan abin nan da ke yawo a kan mai a cikin ƙoƙo yana tsayar da shigarsa, in ya yi sama mai zai riƙa ambaliya duk saitin da ka yi, in ya yi ƙasa zai yanke maka a doguwar tafiya. Ka canza baƙin mai, ina da tabbacin ya sha fetur a kwanakin nan, shinshina sandar awo za ka ji. Sa sabon fulogi, wanke matata, bar inji ya yi zafi na minti goma, sannan ka juya sukurun silo kaɗan-kaɗan har ka sami inda juyi ya fi tashi ya daidaita, ka sauko da shi da sukurun totur.

Ranar da za ka Mashi, in ka fita gari titi ya yi sarari, ka riƙe totur a rabi na tsawon kilomita biyu ko uku, ka kama kuloci ka kashe inji a lokaci ɗaya ba tare da ka bar shi ya yi silo ba, ka gangara gefe. Jira ya huce kaɗan ka kwance fulogi. Farin dutsen tsakiyarsa ya zama ruwan ƙasa mai haske, kamar shayi da madara. In baƙi ne mai gari-gari, ɗaga maƙallin allura tsaga ɗaya. In fari fat ne kamar alli, sauko da shi tsaga ɗaya, kuma kada ka ci gaba da gudu a haka. Babban jet kuwa, a giya ta ƙarshe totur a ƙure, ka ɗan sassauta hannu kaɗan: in ka ji babur ya ƙara zabura, jet ɗin ya yi ƙanƙanta. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, ka kuma rubuta abin da ka canza.

Mai lamba 30 ɗin kuma ka zuba masa ɗan mai ka wanke, ka naɗe a leda kada ƙura ta shiga. Masu babur mai ɗaukar kaya mai ƙafa uku, irin na inji 200, suna nemansa, za ka mayar da yawancin kuɗinka.